Yayar Kalilu

Shagona yana bakin titi a Magama, taku kaɗan kafin shingen kwastan. Kafin ya zama shagon kwamfuta, gidan burkutu ne na babana Shawulu. Da Shari'a ta zo aka rufe shi, tukwane suka bi tsohon zuwa Farfaru, ɗakin ya yi shekaru awaki na kwana a ciki. Ni Sarai na share shi, na sa benci, na kawo kwamfuta biyu da firinta, na shiga buga wa direbobi takardun tsallaka iyaka. Har yau akwai tsofaffin da ke leƙowa su yi ajiyar zuciya su wuce, ni kuwa ba na tambayarsu abin da suka tuna.

A nan Yaya Maimuna ta same ni wata Litinin da hantsi, da wata takarda a ninke cikin hijabi. Ba mu haɗa jini ba, amma ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Yaya. Ungozoma ce. Rabin yaran Magama a hannunta suka faɗo duniya, har da ɗana James, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka. Mace ce mai faɗa, mai saurin tafiya, wadda direban tirela ke sassauta murya idan ta tsaya a kansa.

Ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba, ta miƙo mini takardar.

"Ɗiyar Shawulu, karanta mani wagga. An ce lakwal ce, makarantar boko cikin kwamfuta."

Na karanta. Wata makarantar sakandare ce a can kudu, tana koyar da Turanci ta intanet, mako goma sha biyu, a ƙarshe a ba mutum takardar shaida idan ya kai maki hamsin cikin ɗari. An riga an yi mata rajista, ga sunanta ga lambar sirrin shiga aji.

Ta yi mini bayanin abin da ya kawo haka. Asibiti za su ɗauki ungozomomi huɗu a tura su horo, su dawo da aiki da farar riga. Bayan nan, duk wadda ba ta da takarda ba za ta ƙara shiga ɗakin haihuwa ba. Ita kuwa a aji uku ta bar sakandare. Masu horon sun ce shekarunta goma sha takwas a kan gwiwar mata sun isa shaida, abu ɗaya ya rage, takardar Turanci. Za a rufe karɓar suna mako guda bayan an gama kwas ɗin.

"Wa ya yi maki rajista, Yaya?"

"Waccan."

"Wace waccan?"

"Ta Gangara mana. Ke ma kin sani, neman magana kike."

Na sani ɗin, kuma neman maganar nake. 'Yarta ce ta fari, Amatullahi, wadda kakarta ta ɗauka tun yaye ta raine ta a Gangara, yanzu tana koyarwa a Katsina. Yaya Maimuna ba ta faɗin sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, idan ma ta zo gida ba ta kallonta sai ta gefen ido. Ban yi mamaki ba. Uwata ta shekara talatin tana zuwa coci, har waƙa take bayarwa, amma ta mutu ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari Japheth da bakinta ba, sai dai "babban nan".

Makon farko wahala muka sha, ni da ita da kwamfutar. Kibod ɗina daga Maraɗi na sayo shi, irin na Faransawa, haruffan ba a inda littafin da makarantar ta aiko wa Yaya ya nuna suke ba. Ta ce an cuce ni. Linzamin kwamfutar kuwa da hannu biyu ta riƙe shi, tana ɗaga shi sama idan tana son kibiyar ta hau. Ga kuma sabis. A Magama wayarka tana Najeriya yanzu, ka juya ka tofar da yawu ta koma Nijar. Sai da na ɗaure modem da zare a tagar kudu, can nesa da iyaka, sannan ya yarda ya zauna a ƙasarsu.

Malamar ajin sunanta Misis Favour. Ba mu taɓa ganinta ido da ido ba, sai a ɗan bidiyon da take ajiyewa duk Litinin, da gilashi a goshi da fanka na juyawa a bayanta. A bidiyon farko ta jero dokokinta. A shiga aji aƙalla sau uku a mako. A karanta umarnin jinga sau biyu kafin a taɓa biro. A miƙa aiki kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a. Wanda bai gane ba ya tambaya, kada ya yi shiru. Kuma kowa ya yi aikinsa da hannunsa da kansa.

Yaya ta sa na maimaita mata bidiyon sau uku, ta rubuta dokokin a bangon littafinta. Ta ce matar ta burge ta, don ba ta da wasa.

Akwai wani wuri a ajin da ake kira zaure, inda kowane ɗalibi zai rubuta ra'ayinsa a kan abin da aka karanta, ya kuma amsa wa mutum biyu. Ɗaliban sun kai talatin, yawancinsu sa'o'in James ɗina ne ko sun ɗara kaɗan, daga garuruwan da Yaya ba ta taɓa jin sunansu ba. A makon farko duk wanda ta amsa wa, gaishe shi ta yi, ta tambayi iyayensa, ta sa masa albarka. Misis Favour ta rubuto cewa ta gode da ladabi, amma abin da ake so shi ne ta ce ta yarda da maganarsa ko ba ta yarda ba, ta kuma kawo dalili.

"Wai in yi musu da ɗiyan mutane?"

"Haka anka ce, Yaya."

"Kuma a ba ni maki?"

"A ba ki."

Ta gyara zama. Ban taɓa ganin an ba mutum aikin da ya dace da shi irin wannan ba. Wani yaro ya rubuta cewa a ƙauye babu abin da ake koya. Yaya ta kwana biyu da ƙamus a cinya, ta dawo ta jera masa abu bakwai da bai sani ba, ta fara da yadda ake gane jariri ya juya a ciki. Turancin a karye yake, amma yaron ya ba da haƙuri. Daga ranar aka san ta a zaure, har wasu suka koma kiranta Mama.

Tana zuwa Litinin da Laraba da Alhamis, bayan ta sallami masu awo. Takan rubuta komai a littafi tukuna, ta gyara, sannan ta zauna ta buga da yatsa ɗaya, leɓenta na motsi. Ni aikina in kunna janareto in yi shiru. Idan na miƙa hannu zan gyara mata kalma, sai ta buge shi kamar na kai hannu tukunyarta. A mako na shida wata mata ta yi doguwar naƙuda ta tagwaye, Yaya ta ga Juma'a za ta kubce mata. Ta aiko a kira ni, ta faɗa mini abin da zan rubuta wa malama tun ranar Laraba, ba ta bari sai lokaci ya wuce ba. Misis Favour ta ƙara mata kwana biyu, ta kuma tambayi lafiyar tagwayen.

Da aka zo mako na goma sha ɗaya tana da maki talatin da ɗaya cikin sittin. Saura jinga ta ƙarshe, mai maki arba'in. Goma sha tara take nema.

Muka karanta umarnin sau biyu, yadda aka koya mana. A rubuta kalma ɗari huɗu a kan wani mutum da kake alfahari da shi. Mutum na gaske, wanda ka sani. A faɗi sunansa da dangantakarku, a nuna abin da ya yi, ba a tara masa kirari ba. Za a miƙa gwaji a makon nan, malama ta duba, a gyara a miƙa na ƙarshe Juma'a mai zuwa. Kuma za a kafa na kowa a zaure, kowa ya karanta.

"Wa za ki rubuta?" na tambaye ta.

"Kalilu."

Dariya ta ƙwace mini har na sarƙe. Kalilu ɗanta ne na biyu, ɗan shekara ashirin, mai acaɓa tsakanin Magama da Ɗan Isa. Yaron kirki ne, ba ya sata ba ya shaye-shaye, amma babban abin da ya shahara da shi a garin nan barci ne. An taɓa samunsa yana gyangyaɗi a kan babur a layin duwan, wato kwastan ɗin Nijar, fasinja na bayansa yana jira.

"Mi ne abin dariya? Ba ɗana ba ne?"

"Ɗanki ne, Yaya."

Ta tafi da littafinta, ta dawo Alhamis da shafi biyu cike. Ta buga, ta aika, ta fita tana taƙama. Ni ban karanta ba, don ta hana.

Ran Litinin amsa ta zo. Goma sha huɗu cikin arba'in.

Yaya ta kalli lambar ta kalle ni, kamar ni na rubuta ta. Ta ce in karanta mata bayanin a hankali, kada in rage komai. Misis Favour ta ce wannan shi ne Turanci mafi kyau da Maimuna ta rubuta tun da aka fara. Ta ce amma ta ƙirga. Jimla uku ne a kan Kalilu: an haife shi da damina, yana da babur, yana gaishe da manya. Sauran duka a kan wata ce da ake ta kira yayarsa. Yayarsa ce ta koya masa karatu lokacin hutu. Yayarsa ce ta yi tafiyar ƙafa daga Gangara da zazzaɓi a jikinta don kada ta rasa jarrabawa. Yayarsa ce ta ci ta ɗaya shekara shida a jere. Malamar ta ce, "Wace ce wannan yarinyar? Ina sunanta? Me take a wurinki? Ita kike alfahari da ita, ki rubuta a kanta."

Na kai ƙarshe. Wata babbar mota ta wuce ta girgiza tagar.

"Wagga mata ba ta da kunya," in ji Yaya.

"Ba ta sani ba ne. Hwaɗa mata."

Ta rubuta wa malamar gajeren saƙo, cewa a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kuma yabonsa a bainar jama'a. Amsa ta dawo kafin la'asar. Misis Favour ta ba da haƙuri, ta ce ba ta taɓa jin haka ba, kuma ba za ta tilasta wa kowa ya taka al'adarsa ba. Maimuna tana iya zaɓar wani mutum daban wanda za ta iya faɗin sunansa. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta ba da maki ga rubutun da ya ce Kalilu a sama, ya bi wata a ƙasa.

Gaskiya na ji haushin matar a ranar, na kuma rasa inda ta yi laifi.

Yaya ta ce shi ke nan, za ta rubuta a kan Mariyamu, tsohuwar ungozomar da ta koya mata aiki. Ran Laraba ta zo da abin da ta samu. Kalma tamanin da 'yan kai. Mariyamu mutuniyar kirki ce, tana da haƙuri, tana da tsafta, Allah ya ji ƙanta. Ta zauna awa biyu a gaban kwamfuta ba ta ƙara ko layi ɗaya ba. Tana son tsohuwar har ranta, amma abin ya ƙi fitowa, ya tsaya kamar gaisuwar ta'aziyya.

Na ce bari in kawo dabara, tunda ni ce mai shago.

"Yaya, ki mai da wancan na farko. Inda kinka ce yayar Kalilu, ki sa wani suna. Ki ce Luba. Wa zai sani? Matar tana can kudu."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"In ɗauki wahalar da ɗiyata ta sha in ba wata Luba? Rago anka yanka ranar da anka raɗa mata suna, ina ɗaka ina ji."

"To ai ba mai gani sai 'yan aji."

"Ita ta yi rajistar. Lambar sirrin tana hannunta. Kina tsammani ba ta leƙawa?"

Nan na gane inda abin ya tsaya mata. Ashe duk makonnin nan ta san yarinyar tana shiga tana karanta musun da take yi da yaran mutane. Idan ta sa Luba, Amatullahi za ta gani. Idan ta sa sunan gaskiya, Amatullahi za ta gani, ita da mutum talatin. Idan ta miƙa Mariyamu mai kalma tamanin, farar riga ta tafi, kuma wata rana za ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa wata yarinya mai takarda ta ce mata ta jira a waje.

Ran Alhamis ba ta zo ba. Na ji tsoro, don tun da aka fara ba ta taɓa fashin Alhamis ba.

Ran Juma'a maza suka watse zuwa masallaci, titi ya yi tsit, motoci suka yi layi a bakin shinge ba kowa a ciki. Ƙarfe biyu da rabi sai ga ta, da littafi a hammata, fuska a ɗaure kamar mai zuwa karɓar haihuwar da ta zo a gicciye. Ta zauna ta fara bugawa, ba ta ce mini ko sannu ba. Na ga ta bar wani gurbi a layin farko, ta wuce. Ta yi ta bugawa da yatsanta ɗaya har uku da rabi ta gota. Sannan ta dawo kan gurbin ta tsaya.

"Yaya, kawo in buga maki shi. Kalma ɗaya ce. Ba ke kinka hwaɗa ba, ni ce."

Har na fara jawo kujera.

"Malama ta ce kowa da hannunshi."

"Ba za ta sani ba."

"Ni na sani. Tashi ki ba ni wuri."

"Shagona ne hwa."

"Tahi waje, Sarai."

Na fita na tsaya a bakin ƙofa, na juya baya kamar mai gadin banki. Amma ni 'yar Shawulu ce, ba a haife ni da haƙurin rashin leƙe ba. Na waiga. Ta yaye ƙasan hijabinta ta lulluɓe kanta da allon kwamfutar gaba ɗaya, irin yadda masu hoto na zamanin da suke yi. Ba abin da ake gani sai wani tudu ruwan toka yana numfashi. Daga ciki nake jin ƙarar maɓalli, ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wani. Na ƙirga goma. Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa.

Ta fito daga cikin hijabin tana gumi, ta ce in zo in aika. Na danna, abin ya yi ta juyawa. Modem ya koma Nijar. Ƙarfe huɗu saura kwata. Na hau benci na kwance zaren, na fita da shi ta taga, na ɗaga hannu sama ina fuskantar Katsina kamar mai roƙon ruwa, Yaya na daga ciki tana ba ni umarni in matsa dama, in matsa hagu. Saura minti takwas ya tafi. Ta ɗauki littafinta ta fice, ba ta waiwayo ba.

Da yamma aka kafa na kowa a zaure. Ba ta hana ni wannan ba, don haka na karanta.

Ta fara da cewa sunanta Amatullahi, 'yata ce ta fari. Ta ce an ɗauke ta tana da shekara biyu, kuma haka ake yi, ba wanda ya yi mata laifi. Ta ce shekara da shekaru tana ƙirƙiro masu ciki a Gangara don ta sami dalilin zuwa, ta tsaya bayan dangar makaranta lokacin hutun ƙarfe tara, ta ga yarinyar ta fito, sannan ta juyo gida. Ta ce ranar tafiyar nan da zazzaɓi, tana biye da ita daga nesa tun daga mararraba har ƙofar ajin jarrabawa, yarinyar ba ta sani ba. Ta ce ranar da aka ce ta ci makarantar horon malamai, a bakin mai ƙuli ta ji, ta ce masa to madalla, ta dawo gida ta rufe ƙofa, ta cusa kanta cikin randar da ba ruwa ta rangaɗa guɗa a ciki don kada maƙwabta su ji. Ta rufe da cewa yarinyar da ban koya wa ko harafi ɗaya ba ita ce ta mai da ni makaranta.

Akwai kurakurai a ciki, na gansu. Na karanta sau biyu, na rufe shago da wuri.

Ran Lahadi na dawo daga coci na tarar da mutum zaune a dakalin shagona, da jakar hannu a cinya. Amatullahi ce. Doguwa ce kamar uwarta, sai dai ita a hankali take magana. Ta gaishe ni, ta ce kasuwar Jibiya ta zo ci. Ban ga ko leda ɗaya a hannunta ba.

Na buɗe, muka shiga. Ta yi ta kallon kwamfutocin.

"Anti Sarai, a wace take zama?"

Na nuna mata. Ta je ta tsaya a bayan kujerar, ta dafa ta.

"Ke kinka rubuta mata?"

"Ko waƙafi ban sa ba. Kore ni ta yi."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita duk zamanta a Gangara ta ɗauka Yaya ba ta ma san ajin da take ba. Yaya take ce wa uwar, don haka ta taso ta ji ƙannen uwar na faɗa a gidan kaka. Ta ce ranar zazzaɓin nan ta tuna ta yi ta waiwaye a hanya, tana jin kamar akwai mutum, ba ta ga kowa ba.

Muna cikin haka sai ga Yaya Maimuna ta faɗo shagon da saurinta, ta zo duba sakamako. Ta yi turus. Amatullahi ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, ina wuni."

"Lahiya," in ji ta, tana kallon firinta. "An zo lahiya? Ya tsohuwa?"

"Tana gaishe ki."

Ta wuce ta gefenta ta zauna, ta ce in buɗe mata aji. Na buɗe. Talatin da uku cikin arba'in. Jimla sittin da huɗu. A ƙasa Misis Favour ta rubuta cewa takardar shaida za ta fito ran Laraba, ta kuma ce a gaishe mata da Amatullahi. 'Yan aji goma sha tara sun yi magana a ƙarƙashin rubutun, yaron nan mai cewa ba a koyon komai a ƙauye yana cikinsu.

"Ta isa?" Yaya ta tambaya, duk da ta iya lissafi sarai.

"Ta isa har ta yi yawa. Kin samu shiga horo, Yaya."

"To. Alhamdu lillahi." Ta shiga gyara bakin hijabi, wanda ba abin da ya same shi. "Sai a kai masu ran Alhamis."

Uwa na kallon bango, 'ya na kallon ƙasa, ni ina tsakiya ina jin kamar in fasa ihu. Can Amatullahi ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, ko da yake shagon bai fi taku huɗu ba.

"Anti, ki buga mani shi a takarda. In tahi da shi."

Na saci kallon Yaya. Na ɗauka za ta ce wa ya ba mu izini. Na jawo farar takarda daga cikin ƙunshi, na sa a firinta.

"Ba wagga ba," in ji Yaya, har yanzu fuskarta na bango. "Wagga ruwa kaɗan ta lalace. Sa mai kaurin nan, ki kuma rufe mata shi da roba, irin yadda kike ma direbobi lasin."